Kafin ku taɓa takardun da marubuci ya bari

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya gaji takardun wani malami ko marubucin waƙa, don Allah kada ya yi gaggawar gyara su.

Da kawuna ya rasu, wanda ya koyar da adabi a jami'a, mun buɗe adakarsa muka tarar da wasiƙu da waƙoƙi, wasu da boko wasu da ajami. Nan take na ware wasiƙu gefe, waƙoƙi gefe. Ashe kowace waƙa tana haɗe ne da wasiƙar abokin da ya yi mata gyara. Har yau ban gama mayar da su mazauninsu ba, kuma abin yana damuna.

Don haka ku bar su yadda mai su ya jera su. Kada ku yar da ambulan, domin hatimin gidan waya ne ke nuna shekara. Shafin da aka soke baiti aka sake shi ma ku adana, nan ake ganin yadda waƙar ta girma.

Ban da salatif, ban da laminetin, ban da ƙullewa a leda, tana tara danshi da damina. Ku cire allurai masu tsatsa, ku ɗora akwatin a kan katako nesa da bango saboda gara. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya.

In sun fi ƙarfinku, ku nemi shawarar Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, wadda aikinta ke nan tun 1970.