Babi na Bakwai: Na'urar da Ke Hana Mota Ƙwacewa

Darasi na 1: Nemo alamar

Ku zauna a kujerar direba, mota tana tsaye. Ku murɗa makulli, fitilun da ke gabanku za su kama gaba ɗaya. A cikinsu ku nemi hoton wata 'yar mota mai launin ruwan ɗorawa, da layi biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Layukan nan sawun taya ne a kan santsi. In inji ya tashi, fitilar za ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Haka ake so. Wanda bai gan ta da farko ba kada ya damu, ya kashe ya sake murɗawa, ya duba a hankali.

Sunan na'urar haruffa uku ne: E, S, C. Ku karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi. Kamfanoni sukan sa mata nasu sunan. A Mercedes da Volkswagen za ku ga ESP, a Toyota VSC, a Honda VSA, a BMW kuma DSC. Aikinsu ɗaya ne. Kamfanin Bosch da na Mercedes a Jamus sun fito da ita a 1995. Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Motar da ta girmi waɗannan shekaru tana iya kasancewa ba ta da ita, don haka kowa ya duba tasa.

Darasi na 2: Yadda take gane mota ta fara ƙwacewa

A cikin mota akwai ƙaramar kwamfuta, da wasu ƙananan na'urori da makanikai ke kira sansa, masu kai mata labari. Kowace taya tana da tata, mai faɗin saurin juyawarta. Akwai ɗaya a jikin sitiyari, mai faɗin inda direba ya juya shi. Akwai wata a tsakiyar mota, mai jin yadda jikin motar yake karkata hagu ko dama. Kwamfutar tana kwatanta abu biyu, kamar sau 25 a daƙiƙa guda: inda direba yake son zuwa, da inda motar take tafiya. In sun yi daidai, ba ruwanta. In sun saɓa, sai ta sa hannu.

To, daga ina ta san inda direba yake son zuwa? Daga sitiyari. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan amsa. Ba ta da ido, ba ta ganin kwalta, ba ta ganin rami ko bishiya. Sitiyari kaɗai take tambaya.

Darasi na 3: Abin da take yi

Direba in ya taka birki, tayoyi huɗu ne suke kamawa. Ita kuwa na'urar tana iya kama taya ɗaya tak ta bar sauran, tana kuma iya rage ƙarfin inji ko da ƙafar direba tana kan totur. Mai kwalekwale in ya tsoma filafili a gefen hagu ya riƙe, kwalekwalen hagu zai karkata. Haka birkin taya ɗaya yake juya mota.

A ce kun shiga kwanar hagu ana ruwa. Kun juya sitiyari, amma hancin mota ya ƙi bin kwanar, ya nufi gaba. Na'urar za ta kama tayar baya ta hagu, hancin ya dawo ciki. Ko kuma bayan motar ne ya zame waje, tana neman juyawa ta fuskanci inda ta fito. A nan tayar gaba ta dama za ta kama. A lokacin za ku ga fitilar nan tana ƙiftawa, ku ji wata ƙara gir-gir-gir daga gaba, wani lokaci birki ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ba lalacewa ba ce, aikinta take yi.

Darasi na 4: Aikin direba

Wannan darasi shi ne wanda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kansa, don haka za mu daɗe a nan. Ba laifinku ba ne, tsoro ne yake jan ido zuwa abin da ake gudu. Mota ta zame, ga rami a dama, sai ido ya kafe a kan ramin, hannu kuma ya bi ido. Na'urar ta tambayi sitiyari, sitiyari ya ce rami, sai ta taimaka muku zuwa ramin.

Ga abin yi. Ku dubi inda kuke son zuwa. Ku juya sitiyari can. Ku riƙe da hannu biyu. Ku ɗaga ƙafa daga totur a hankali.

Mu sake. Ido a kan hanyar da ba kowa, sitiyari ya bi ido. Kada ku fizge shi har ƙarshe, kada ku yi ta kai shi hagu da dama, don kowace juyawa sabon umarni ne ga kwamfutar. In kuna buƙatar tsayawa, ku taka birki ku danne, kada ku riƙa taka-saki, kuma ko kuna kan birkin sitiyari yana nan inda kuke son zuwa.

Yanzu ku ajiye littafin, ku miƙa hannuwa kamar kun riƙe sitiyari. Ana so ku bi hagu, rami yana dama. Ina ido? Hagu. Ina sitiyari? Hagu. Madalla. A sake, wannan karon ramin yana hagu. Ina ido? Dama. Ina sitiyari? Dama. Ku yi ta yi har hannu ya saba, domin ranar da abin zai faru babu lokacin tunani.

Na sha ganin waɗanda suke amsa wannan daidai a aji, washegari a tambaye su su ce ai motar ce za ta gyara kanta. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Ba ta tuƙi. Wanda ya saki sitiyari ya rufe ido, ya bar ta ba ta da wanda za ta tambaya.

Darasi na 5: Inda ƙarfinta ya ƙare

Duk abin da take yi da birki take yinsa, birki kuwa sai taya ta kama ƙasa. Wurin da kowace taya take taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Taya ta siɗe, ko iska ta yi mata kaɗan, ko mota ta hau kan ruwa kwance da gudu har tayoyin suka daina taɓa kwalta, to na'urar ba ta da abin kamawa. Kwanar da ta dace da kilomita 50 in kuka shige ta da 100, fita za ku yi, fitila tana ƙiftawa. Lodin da ya wuce kima ma yana rage mata tasiri. Masu ƙara wuta don sun ji motarsu tana da na'ura, ku daina. In fitilar ta ƙifta, saƙon shi ne ku rage gudu nan take.

Darasi na 6: Maɓallin kashewa

Motoci da yawa suna da maɓalli mai hoton nan da haruffa O, F, F, wato a kashe. Ku danna shi kawai in mota ta kafe a yashi ko taɓo, kuna son tayoyi su juya ta fita. Kuna fita ku sake dannawa.

Darasi na 7: In fitilar ta tsaya a kunne

Mai ƙiftawa aiki take yi. Wadda ta kama ta zauna, ko dai an kashe na'urar, ko akwai matsala. Tayar da girmanta ya bambanta da sauran tana jawo haka, da sansar taya da ta lalace, da gyaran saitin ƙafafu da ba a daidaita sansar sitiyari bayansa ba. In fitilar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an danne birki, ta kama tare da ita, ku ɗauka na'urar ba ta aiki. Ku tuƙa a hankali zuwa wurin makanike mai na'urar gwajin kwamfuta.