Yadda za ka zaɓi abinci da motsa jikin da suka dace da jikinka

Mai dakon buhuna a kasuwar Dawanau da mai zaman shago a Kantin Kwari za su iya cin malmala uku ta tuwo kowannensu, amma na farkon zai ƙone nasa a bakin aiki, na biyun kuwa a tumbi zai taru masa. Shi ya sa tsarin da ya yi wa maƙwabcinka aiki, ko wanda ka gani a Facebook, ba lallai ya karɓe ka ba. Kafin ka ƙaurace wa kowane irin abinci, fara sanin halin da jikinka yake ciki.

Soma da awo. Samo igiya ka auna tsayinka daga ƙasa zuwa tsakar ka, ka yanke, ka ninka ta gida biyu, sannan ka zagaya ta a cikinka, ɗan sama da cibiya. In bakinta biyu suka haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne ya fi jawo ciwon suga da hawan jini, fiye da na cinya ko mazaunai. Ni na fi yarda da wannan awon a kan hawa sikeli, don akwai siraran mutane masu tumbi, akwai kuma masu nauyin da tsoka ce zalla.

Daga nan ka je asibiti a gwada jininka. Awon hawan jini da yake kai 140/90 a kai a kai, ko sugan da ya kai 126 mg/dL kafin karyawa, magana ce ta likita, ba ta shayin rage ƙiba ba. Mai sikila, mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin suga, kada ɗayansu ya tsallake cin abinci ko ya shiga atisaye mai tsanani sai da shawarar likita.

Sai batun kwano, kuma a nan aikin yake. Yadda muka saba shi ne tulin tuwo ko shinkafa, miya kuwa a ɗan shafa. Mai son rage jiki ya juya lissafin: rabin kwano ganye, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo, ragowar wake, kifi, ƙwai ko nama. Ba sai an sayi kayan ƙasar waje ba. Kwaɗon zogale da na rama, miyar kuɓewa da ta kuka, alale, faten wake da alayyafo, tuwon dawa ko na acca a madadin farar shinkafa da taliya kullum, duk suna riƙe ciki kuma a kasuwarmu suke. Ƙosai da alale duk wake ne, amma ɗaya ya sha mai.

Abin da ya fi yi mana ɓarna ma ba a kwano yake ba, a kofi yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, alhali robar lemo ɗaya mai 50cl kan kai wannan adadin ita kaɗai. Ka haɗa da shayin safe, da zoɓo, da kunun aya, ka ga inda aka kwana. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 ne a rana, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙulen magi da yajin tsire. A rage magi, a ƙara daddawa.

Ramamme shi akasin haka yake buƙata: ya ƙara yawan lokutan ci, ya riƙi fura da nono, kunun gyaɗa, ƙwai, dabino da gyaɗa. 'Yan uwa mata, don Allah a bar "sha ka fashe". Ƙwayoyi irin su dexamethasone kumbura fuska da ciki suke yi, suna tayar da suga da hawan jini, suna kuma raunana ƙashi. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Motsa jiki kuwa ya danganta da yadda yininka yake. Ma'aunin da aka bayar ga manya shi ne aƙalla minti 150 a mako, kamar rabin awa sau biyar, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Manomi a damina da lebura sun riga sun wuce wannan, su ruwa da abinci da barci suke nema. Mai zaman ofis, direba da tela su ne da aiki. Mai nauyi sosai ko mai ciwon gwiwa ya bar gudu tukuna, ya fara da tafiyar minti goma yana ƙarawa. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Uwargidan da ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida da sassarfa, ta riƙa zama kan kujera tana miƙewa ba tare da dafa komai ba, ta ɗaga robobin ruwa.

Lokaci ma a duba shi. Da bazara zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, don haka bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi. Da hunturu mai asma ya guji ƙura. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Bayan wata guda ka sake awo. Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ta wadatar. In kana yini da jiri da kasala, ka matse abincin da yawa, sai ka ɗan sassauta. In kuwa kana ramewa alhali ba ka canza komai ba, musamman da yawan ƙishi da fitsari ko tarin da ya haura mako biyu, je a gwada ka suga da tarin fuka.