Babi na 7: Idan Waifai Ya Koma Tafiyar Hawainiya Bayan An Ƙara Rauta ta Biyu

Darasi na 1: Ku san kayan da ke gabanku

Ɗalibai maza da mata, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan babi na wanda ya sa intanet a falo ne, ya ga waifai ba ya kaiwa ɗakunan baya, ya sayo rauta ta biyu, sai kuma abin ya koma tafiyar hawainiya. Haka na yawan faruwa a nan Jos, domin gidaje da yawa a Anguwar Rogo, Gangare da Rikkos dogaye ne zuwa ciki, ga bangon bulo mai kauri, wani wurin ma dutse, ga rufin kwano. Duk waɗannan suna tare waifai. Gyaran bai fi ƙarfinku ba. Wanda ya iya karanta lambar waya ya rubuta ta daidai zai iya wannan aiki.

Rauta ita ce akwatin nan mai fitilu ƙanana da ke raba intanet a gida. Wadda intanet ke shigowa ta cikinta, ko da layin waya a ciki ko da igiya daga kamfani, za mu riƙa kiranta Babba. Wadda kuka ƙaro, Ƙarama. Ku yanki takarda biyu, ku rubuta sunayen, ku manna wa kowacce nata. Kada ku ce ai kun gane su, an jima za ku rikice.

Yanzu ku juya Ƙarama ku dubi bayanta. Za ku ga ramuka masu kusurwa huɗu a jere. Yawanci guda ɗaya launinsa daban, an rubuta WAN ko Internet a ƙarƙashinsa. Sauran, sau da yawa guda huɗu, an rubuta musu LAN, ko 1, 2, 3, 4. Ku sa yatsa a kan WAN, ku faɗi sunansa. Ku sa yatsa a kan LAN, ku faɗi sunansa. Ku maimaita sau uku. Sannan ku kife ta, ku kwafe abin da ke kan takardar da aka manna a ƙarƙashinta: sunan waifai, kalmar sirri, da adireshi mai kama da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ku yi wa Babba haka ita ma. Wasu rautocin da ake sa wa layin waya adireshinsu 192.168.8.1 ne.

Darasi na 2: A auna kafin a taɓa komai

Ku kashe datar wayarku tukuna. Idan ba ku kashe ba, wayar na iya yin awon da datarta, ku yi ta murna a banza. Ku canza wa waifai na rautocin biyu suna idan iri ɗaya ne, ko dai ku tabbatar kun san wadda wayar ta kama a kowane lokaci.

Ku tsaya daf da Babba, ku haɗa waya da ita, ku buɗe burauza kamar Chrome, ku rubuta fast.com a dogon layin da ke can sama. Lamba za ta fito, ita ce gudun intanet ɗinku. Ku jira ta daina motsi, ku rubuta ta a littafi. Ku je daf da Ƙarama, ku haɗa da ita, ku sake. Na uku, ku shiga ɗakin da ake kuka da shi, ku sake. Lamba uku ke nan.

Idan lambar farko ma ƙarama ce, misali 2, Ƙarama ba ta da laifi. Ku duba ko datar wata ta ƙare ko kamfani ya rage gudu bayan an cinye wani adadi, ko kuma sabis ɗin unguwar ne. Idan a kusa da Babba kun sami 20, a kusa da Ƙarama 3, to matsalar tana tsakaninsu, kuma darasi na gaba naku ne. Idan biyun farko suna da kyau, ɗakin ne kawai ya faɗi, wurin ajiyar Ƙarama ne bai dace ba, ku duba darasi na 4.

Darasi na 3: Mai gida ɗaya ake so

Wannan shi ne ƙashin bayan babin, ku tattara hankali.

Kowace rauta tana fitowa daga kwali da wani aiki a kunne mai suna DHCP. Haruffa huɗu ne: D, H, C, P. Aikinsa shi ne ba kowace waya lambar zama a gidan, ya kuma nuna mata ƙofar fita zuwa intanet. Idan kun haɗa ramin LAN na Babba da ramin LAN na Ƙarama alhali DHCP na kunne a duka biyun, sarki biyu ke nan a gari ɗaya. Wanda ya riga amsawa shi waya ke bi. Idan Ƙarama ta riga, sai ta nuna wa wayar kanta a matsayin ƙofar fita, ita kuwa ba ta da hanyar waje. Shi ya sa za ku ga sandunan waifai cike, amma saƙon WhatsApp na ta juyawa. Yau ya yi, gobe ya ƙi, musamman bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, domin a lokacin kowace na farkawa ne a kan nata gudun. Haka kuma idan adireshin su biyun ɗaya ne, kamar gida biyu ne masu lamba ɗaya a layi guda.

Maganin abu uku ne: a canza wa Ƙarama adireshi, a kashe mata DHCP, a sa igiya a ramin LAN. Ga yadda ake yi, a hankali.

Ku zare igiyar da ta haɗa rautocin biyu. Ƙarama ta tsaya ita kaɗai da wutarta. Idan wani ya taɓa yi mata saiti, ku nemi ɗan ramin da aka rubuta Reset, ku danna da tsinken ashana ku riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke su dawo. Ƙarama za ku yi wa haka. Kada hannunku ya kai ga Babba.

Ku haɗa waya da waifai na Ƙarama. Wayar za ta ce babu intanet, ba komai, ku zauna a kai. Ku buɗe burauza, ku rubuta adireshin da kuka kwafa a layin sama. Ɗigo ne tsakanin lambobin, ba waƙafi ba, kuma ba a barin fili. Shafi zai buɗe ya nemi suna da kalmar sirri. Suna kan takardar ƙarƙashi, a tsofaffin rautoci sau da yawa admin ne duka biyun, da ƙananan haruffa.

Ku nemi inda aka rubuta LAN ko Network. Za ku ga adireshin Ƙarama. Ku goge shi, ku rubuta kashi uku na farko irin na Babba sak, na huɗun ku sa 2. Idan Babba 192.168.1.1 ce, Ƙarama ta zama 192.168.1.2. Idan Babba 192.168.8.1 ce, Ƙarama ta zama 192.168.8.2. Ku danna Save ko Apply. Rautar za ta mutu ta tashi. Ku sake haɗawa, ku shiga da sabon adireshin, domin tsohon ya daina aiki. Ku rubuta sabon a takarda ku manna mata.

Yanzu matakin da ke kayar da mutane. Ku nemi DHCP ko DHCP Server. Za ku ga Enable, wato a kunne, da Disable, wato a kashe. Ku zaɓi Disable. Sannan ku ja shafin ƙasa ku danna Save.

Ku danna Save. Mun sake faɗa ne domin a nan ɗalibai suka fi faɗuwa: mutum ya zaɓi Disable, ya ji daɗi, ya rufe shafin ya miƙe. Bai yi komai ba. Rautar ba ta riƙe abin da ba a danna wa Save ba. A kan waya maɓallin kan ɓuya a can ƙasa, wani lokaci sai an ja shafin gefe ma ake ganinsa. Ku nemo shi, yana nan. Disable, sannan Save. Idan ta nemi izinin Reboot, ku yarda, ku jira minti 2.

Bayan haka wayarku za ta kasa zama a kan waifai na Ƙarama, za ta yi ta cewa tana neman adireshi. Kada gabanku ya faɗi, ba ku lalata komai ba. Wannan ita ce shaidar cewa DHCP ya mutu, kun yi daidai. Idan kuwa wayar ta koma ta zauna lafiya lau alhali babu igiya tsakanin rautocin, ku yi shakka, ku koma ku duba ko kun danna Save.

Sai igiya. Baki ɗaya a ramin LAN na Babba, ɗaya bakin a ramin LAN na Ƙarama. LAN zuwa LAN. Ramin nan mai launi daban zai ja idonku, hannunku zai so ya tafi can. Ku bar shi a wofi. Idan kun kashe DHCP kuka kuma sa igiya a WAN, intanet ba zai zo ko kaɗan ba, sai ku ɗauka rautar ce ta ƙone. Ku manna ɗan salatif a bakin WAN don kada yaro ko mai shara ya mayar da igiyar can. Ku tura kan igiyar har ku ji ƙas, ku ga fitilar ramin ta kama.

Haba jama'a, wasunku tun yanzu sun tsallake zuwa igiya ba su buɗe shafin saiti ba, wai don haruffan Turanci sun yi yawa. Kalma nawa ce? DHCP, Disable, Save. Uku. Kun haddace lambar asusun banki mai lamba 10, waɗannan ba za su gagare ku ba. Wanda ya tsallake wannan mataki kada ya zo aji ya ce rautar jabu ce aka sayar masa. Ku koma baya ku yi shi yadda aka ce.

Ku sake shiga 192.168.1.2, ko wanda kuka ba ta, ku duba da idonku: DHCP yana kan Disable? Igiya tana LAN? To madalla, sannunku da ƙoƙari. Ku shiga shafin Babba, ita DHCP nata a bar shi a kunne. Ku dubi lambar da take fara rabawa. Idan daga 100 take farawa, shi ke nan. Idan daga 2 ne, ku mayar da shi 10, ku danna Save, don kada ta ba wata waya lambar Ƙarama.

Wasu sababbin rautoci suna da wuri mai suna Operation Mode, a ciki akwai Access Point. Idan taku tana da shi, ku zaɓe shi ku danna Save, zai yi muku wannan aikin da kansa. Duk da haka ku leƙa DHCP ku tabbatar.

Ku sake awon fast.com a kusa da Ƙarama. Ya kamata lambar ta matso kusa da ta Babba.

Darasi na 4: Igiya da wurin ajiya

Idan babu igiya tsakanin rautocin, Ƙarama tana kamo waifai ta iska tana sake watsawa, ku sani gudu kan ragu da kusan rabi, domin da baki ɗaya take karɓa take bayarwa. Igiya ta fi. A shagunan kayan kwamfuta na wajen Taminus ku ce a ba ku igiyar intanet nau'in Cat5e ko Cat6, a matse muku kawunan, a gwada a gabanku. Kada tsawonta ya wuce mita 100. Siraran wayoyi 8 ne a cikinta, idan ƙofa ta datse su ko ɓera ya ci, gudu ya faɗi ko ya riƙa yankewa. Wadda za ta ratsa tsakar gida a zura ta cikin bututun roba, kuma idan hadari ya haɗo da tsawa a damina, a zare ta.

In dole sai ta iska, kada ku kai Ƙarama cikin ɗakin da waifai ba ya kaiwa. Abin da ba ta samu ba, ba za ta bayar ba. Ku ajiye ta a tsakiyar hanya, inda waya ke nuna sanda uku daga Babba. A sama, a fili, ba bayan talabijin ko firji ba, ba kusa da tankin ruwa ba.

Darasi na 5: Tasha

A shafin Wireless na saitin kowace rauta akwai Channel, wato tashar da take watsa waifai a kai. A kan zangon waifai mai suna 2.4 GHz, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa shiga juna. Ku ba Babba 1, Ƙarama 11 ko 6, ku danna Save. Idan rautar tana da 5 GHz, ya fi gudu amma ba ya ratsa bango sosai, na ɗakin da rautar take ne.

Darasi na 6: Waya mai naci

Waya kan maƙale wa Babba ko da kun koma ɗakin baya. Ku kashe waifai na wayar ku kunna, za ta kama ta kusa. Ku sa wa rautocin suna daban, kamar Falo da Baya, ku zaɓa da hannu.

Darasi na 7: Sauran abubuwa

Kowace rauta da cajarta, ku dubi lambar bolt da ke jiki, kada a musanya. Ku canza kalmar sirri idan maƙwabta sun san ta.

Aikin gida: ku kawo lambobin awonku uku na kafin gyara da uku na bayansa, tare da hoton shafin DHCP na Ƙarama yana nuna Disable.