Yadda Mazaunin Legas Zai Shirya Ziyarar Madagaska

Da yawa daga cikin Hausawan Legas ba su san da Madagaska ba sai a 2019, ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ta doke Super Eagles da ci biyu da nema a gasar cin kofin Afirka a Masar, gidajen kallo na Agege da Idi-Araba suka yi tsit. Wannan ƙasa ita ce tsibiri na huɗu mafi girma a duniya, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 587,000, kuma tana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik. Babbar shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce kada ya yi kwaɗayin ganin ƙasar duka a tafiya ɗaya, domin girmanta da lalacewar hanyoyinta ba za su bar shi ba. Ya zaɓi shiyya ɗaya, ya ba ta kwana goma ko mako biyu.

A fara da zaɓen lokaci. Ranin ƙasar yana kamawa ne daga Mayu zuwa Oktoba, wato daidai lokacin da ruwa ke dukan Legas, kuma shi ne lokacin da ya dace da tafiya. Daga Janairu zuwa Maris guguwar teku tana afka wa tsibirin, hanyoyi su yanke. Babban birnin, Antananarivo, yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, saboda haka wanda zai je a watan Yuni ko Yuli ya tafi da rigar sanyi kamar mai shirin hunturun Jos.

Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja ana bin Ethiopian Airlines ta Addis Ababa ko Kenya Airways ta Nairobi, a sauka a filin Ivato na Antananarivo. Ana ba da bizar yawon buɗe ido a filin jirgin ko ta intanet, amma ya kamata matafiyi ya tabbatar da ƙa'idar da ke aiki kafin ya sayi tikiti, ya kuma bi labaran ƙasar, domin ta sha fama da rikicin siyasa. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma kada ya bar jaka. Kuɗinsu ariary ne, naira ba ta canzuwa a can, don haka a nemi yuro ko dala a wajen 'yan canji tun a gida. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Kafin a shiga daji, ina ganin ya dace a ba tarihi kwana biyu a babban birnin, domin wanda bai san mutanen ba, rabin ƙasar kawai ya gani. Kakannin Malagasi, wato mutanen ƙasar, sun ƙetaro teku ne cikin jiragen ruwa daga tsibiran Indonesiya, harshensu ma ɗan'uwan wani harshe ne na Borneo, daga baya suka cuɗanya da mutanen gabashin Afirka da fataken Larabawa. Bahaushe zai ji alamar wannan cuɗanya da kunnensa, domin sunayen ranakunsu su ne Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma da Asabotsy. Haka kuma ƙabilar Antemoro ta kudu maso gabas ta daɗe tana rubuta harshenta da baƙaƙen Larabci, rubutun da suke kira sorabe, kamar dai yadda malamanmu suka yi da ajami. A hau tudun Ambohimanga, kimanin kilomita 20 daga birnin, a ga gidan katako na Sarki Andrianampoinimerina wanda ya haɗa kan masarautar Merina kafin rasuwarsa a 1810. Faransa ta mayar da tsibirin mallakarta a 1896, ta tsige Sarauniya Ranavalona ta Uku a shekarar da ta biyo, aka kai ta gudun hijira har Aljeriya inda ta rasu a 1917. Boren da jama'a suka yi a 1947 an murƙushe shi da zubar da jini mai yawa, 'yancin kai kuma ya zo ranar 26 ga Yuni, 1960.

Mai ƙarancin lokaci ya nufi gabas, zuwa gandun dajin Andasibe, tafiyar awa uku zuwa huɗu a mota. A nan ake ganin indri, babba a cikin dangin lemur, dabbobi masu kama da biri waɗanda babu su a dajin ko'ina sai yankin Madagaska, kuma ire-irensu sun haura ɗari. A shiga dajin da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, tare da ɗan jagora, wanda dokar gandun daji ta wajabta ɗaukarsa. Zai tsayar da kai a gindin wata bishiya ya yi maka nuni da yatsa, ka ɗaga kai ka ga dabba mai baƙi da fari, kusan babu wutsiya, ta rungume reshe tana tsinkar ganye. Idan ta buɗe baki ta saki kukanta mai tsawo, wani garke zai amsa daga can nesa, har dajin ya ɗauka gaba ɗaya. A sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa saboda matsattsaku, kuma kada a miƙa wa dabbobin ayaba, domin sabo da abincin mutane yana cutar da su. Da daddare a fita da tocila neman hawainiya, tunda kusan rabin ire-iren hawainiyar duniya a wannan tsibiri suke.

Wanda ya tashi da miyar kuka kuwa, yamma ce za ta fi taɓa masa zuciya. Daga cikin ire-iren kuka takwas na duniya, shida a Madagaska kaɗai suke fitowa, kuma a kusa da Morondava akwai wata hanyar ƙasa da manyan kukoki suka jeru a gefenta, santala-santala, ba su da reshe sai can ƙololuwa. Mutanen wurin suna kiran wannan kuka renala, wato uwar daji. A isa wurin bayan la'asar, a jira rana ta yi ja, amalanken shanu masu tozo suna wucewa cikin ƙura. Daga nan ake zarcewa zuwa duwatsun Tsingy na Bemaraha masu kaifin wuƙa, amma tafiyar yini guda ce a mota mai ƙarfi, da ƙetare koguna biyu, kuma da damina hanyar ba ta biyuwa. Akwai kuma babbar hanyar kudu, RN7, mai kusan nisan Legas da Kano, wadda ta ratsa Antsirabe da Fianarantsoa da Isalo ta dire a Toliara. Motocin haya da suke kira taxi-brousse suna da araha, sai dai ba sa tashi sai sun cika, don haka idan kuna da yawa gara ku haɗa kuɗi ku ɗauki shata, kuma ku guji tafiyar dare.

Batun abinci yana buƙatar kula. Shinkafa ce cimarsu safe da rana da dare, har ƙanzonta suke zuba wa ruwa su tafasa su sha da ɗumi. Ana cin naman alade sosai a yankin tudu, saboda haka Musulmi ya haddace kalmar henakisoa, wato naman alade, ya riƙa tambaya kafin a zuba masa, ko ya tsaya ga kifi. Musulmi sun fi yawa a garuruwan arewa irin su Mahajanga da Antsiranana, amma akwai masallatai a babban birnin. Kowane gari yana da abubuwan da ya haramta wa kansa, waɗanda ake kira fady, kamar nuna kabari da yatsa, kuma ladabi shi ne baƙo ya tambayi jagoransa ya kiyaye. Kalmar azafady ta neman afuwa da misaotra ta godiya za su buɗe masa ƙofofi da yawa.

A wajen tsaraba, banila ce kan gaba, domin babu ƙasar da ta kai Madagaska noman ta, sai takardar hannu ta Antemoro da ake yi a Ambalavao, wadda ake manna wa furanni tun tana jiƙe. Kada a sayi kunkuru ko ƙwaryarsa ko wata dabbar daji komai araharta, domin fitar da su laifi ne, kuma jami'an kwastan suna bincika kaya a Ivato kafin jirgi ya tashi.