Yadda ake kallon tsuntsayen bakin teku da ɗaukar hotonsu a gaɓar Akra

Daga watan Satumba zuwa Maris, gaɓar Akra tana karɓar baƙin tsuntsaye da suka gudo wa sanyin Turai da arewacin Rasha. Mafi yawansu suna taruwa a dausayin Sakumono kusa da Tema da kuma bakin kogin Densu, waɗanda aka sanya cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 1992, amma wasu sun fi son duwatsun gaɓa irin na Jamestown da Kokrobite.

Da farko, a duba jadawalin cikar teku a waya kafin a bar gida a unguwar Nima ko Sabon Zango. Teku na cika sau biyu a yini, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. A isa kamar sa'a biyu kafin cikar, domin yayin da ruwa ke rufe duwatsun ƙasa, shi da kansa zai koro tsuntsayen zuwa inda mutum yake zaune. A ganina, wannan ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Idan cikar ta dace da safiyar Talata, ranar da masunta 'yan ƙabilar Ga ba sa fita kamun kifi, wurin ya fi natsuwa.

Bayan haka, a sa takalmi mai kama ƙasa, saboda gansakuka tana da santsi, kuma kada a juya wa igiyar ruwa baya. A zauna ƙasa-ƙasa, rana tana bayan mutum, a daina motsi. A fara da madubin hangen nesa: akwai gajere mai jan ƙafa da ke juya tsakuwa da bakinsa, akwai mai dogon baki lanƙwasasshe da ke zaƙulo kaguwa, akwai kuma wanda ba ya daina kaɗa wutsiya.

Wajen ɗauka, gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 300 zuwa 400 ya wadatar. A sa saurin ɗauka ya kai 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, a saita kan idon tsuntsu, kyamarar tana daidai da tsayinsa. Hazon hunturu yana dushe launi, don haka hoton nesa ba ya kyau a Janairu.

Idan tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya, an matsa da yawa. A ja baya, domin kitsen da yake tarawa shi ne guzurin komawarsa. Da an dawo gida, a goge kyamarar da ƙyalle mai ɗan danshi, saboda gishirin teku yana cin ƙarfe.