Yadda Ake Renon Zaren Naman Kaza a Cikin Ruwan Zuma

Naman kaza a nan shi ne laimar kwaɗi, zarensa kuwa shi ne farin zaren da yake tsirowa daga gare shi. Da farko, a narkar da giram 20 na zuma a cikin mililita 500 na ruwa mai tsabta, wato kashi 4 cikin 100. Kada a ƙara zaƙin fiye da haka, domin yawan sukari yana dakushe girman zaren. Sai a zuba ruwan a kwalbar gilashi, a rufe ta da murfi mai ƙofar allura da matatar iska.

Daga nan a dafa kwalbar a tukunyar matsin tururi a kan zafin digiri 121 na ma'aunin Selshiyos har tsawon minti 20. Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin, kasancewar tafasawa kawai ba ta kashe wasu ƙwayoyin cuta masu jure zafi, kuma su ne za su riga zaren cinye abincin. A bar kwalbar ta huce sarai.

Bayan haka a goge hannu da murfin da sifirit, a gasa bakin allura har ya yi ja, a jira ya huce, sannan a ɗura mililita 1 zuwa 2 na tsabtataccen irin naman kaza da ake ci.

A ajiye kwalbar nesa da rana a zafin digiri 22 zuwa 25, ana girgiza ta kullum. Cikin mako ɗaya zuwa biyu farin zare kamar auduga zai bayyana, ruwan kuma garau. Idan ruwan ya gurɓace ko ya fitar da kore, lallai a zubar da shi.