Gyare-gyaren da Mai Sabuwar Hilux Zai Iya Yi da Hannunsa Kafin Ya Sauka Daga Kwalta

Duk wanda ya karɓi makullin Hilux ko Land Cruiser, ko sabuwa ce dal daga kamfani ko tokumbo ce da ta shigo ta Legas ko Kwatano, abin da ya fi saurin ɗaukar hankalinsa shi ne kwalliya: ƙatuwar bamba ta ƙarfe, fitilu jere a kan rufi, da gilashi mai duhu. Ban ga laifin son ado ba, sai dai motar da za ta hau tsaunin Mambila zuwa Gembu a tsakiyar damina, ko ta ratsa tuddan rairayin Yusufari, ko ta bi gargadar hanyar Agadas zuwa Arlit, abin da ke fitar da ita yana ƙarƙashinta ne, inda idon masu kallo ba ya kaiwa. Saboda haka a ganina aikin daga ƙasa ya kamata ya fara. Zan kafa misalaina da Hilux samfurin da ya fara fitowa a 2015, amma yawancin bayanin ya shafi sauran motoci masu jan ƙafa huɗu.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a buɗe ƙofar direba a karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙinta, sannan a ɗauko littafin motar. A nan ne kamfani ya rubuta yawan iskar da taya ke buƙata da kuma iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da fasinjoji da duk wani ƙarfen da aka ƙara mata. Bambar ƙarfe ita kaɗai takan haura kilo 50, jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, don haka kowane abu da aka ɗaura wa motar ragi ne daga kayan da za ta iya ɗauka. Wanda motarsa ke da garanti kuma ya tambayi dillali tun da wuri, domin huda bodi ko yanke wayoyin asali na iya soke garantin ɓangaren da aka taɓa. Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: sifanu da soket masu lamba 10, 12, 14 da 17, filaya, sukundireba, jak mai ƙarfi, da sandunan ƙarfe na tokare mota. Kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Taya ita ce gyara na farko kuma mafi tasiri. Yawancin motocin nan suna zuwa ne da tayar kwalta mai laushin gefe, wadda ƙaya ko tsinin dutse ke hudawa cikin sauƙi. Ga wanda ke raba tafiyarsa tsakanin kwalta da burji, taya mai alamar A/T ce ta dace. Mai alamar M/T tana da manyan haƙora, tana cin laka sosai, amma a kan kwalta tana da ƙara, tana ƙarewa da wuri, kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi yadda ya kamata, don haka ban shawarci kowa da ita ba sai wanda kusan kullum yana cikin fadama. A duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a gefen tayar: idan an ga 2423, an ƙera ta ne a mako na 24 na shekarar 2023. Wannan dubawa ta fi zama dole ga mai tokumbo, wanda kan samu taya mai cikakkun haƙora alhali robarta ta riga ta tsufa.

Game da ƙara girman taya, lissafin ba shi da wuya. Taya mai lamba 265/65 R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 265/70 R17 kuma kusan 803. Bambancin ya ɗaga cikin motar daga ƙasa da milimita 13 kacal, maleji kuma zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi da kimanin kashi 3 cikin ɗari. Wanda ya zarce wannan girma zai fara jin taya tana gugar bodi idan ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ga ƙarin shan mai. Duk girman da aka zaɓa, safaya ma ta zama irinsa.

Abin da ya fi sauya taya araha, kuma yake aiki kamar sihiri a cikin yashi, shi ne mallakar gejin auna iskar taya na kanka da ɗan injin hura iska mai aiki da batirin mota. Masu faci da dama sukan cika taya har 45 ko 50 a ma'aunin iska na psi, su bubbuga ta da ƙarfe su ce ta yi, alhali iskar da ta wuce kima tana sa motar tsalle a gargada kuma tana sa ta nitse a rairayi. A kan burji mai duwatsu ana iya rage iskar zuwa wajen 26 ko 28 a ma'aunin psi, a cikin rairayi mai laushi kuma zuwa 16 ko 18, domin tafin tayar ya ƙara tsawo ya shimfiɗu a kan yashi maimakon ya haƙa rami. Sharaɗinsa shi ne tafiya a hankali da guje wa murɗa sitiyari farat ɗaya, saboda taya mai ƙarancin iska na iya zamewa daga kan rim. Da an dawo kwalta a tsaya a mayar da iskar, domin gudu da taya mai ƙarancin iska yana ɗumama ta har ta fashe, a kuma mayar da giyar daga H4, wato jan ƙafa huɗu, zuwa H2, jan ƙafa biyu. Injin hura iskar da ake maƙala wa kan batir kai tsaye ya fi wanda ake soka wa a ramin caji ƙarfi, kuma a bar injin mota yana aiki yayin da ake hurawa.

Aiki na biyu shi ne wanda na fi so a ba muhimmanci, saboda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ɓarnar da yake hanawa kuwa babba ce. A saman aksul na baya akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai hula, wanda ta nan ne aksul ɗin ke numfashi idan man da ke cikinsa ya yi zafi. Bayan doguwar tafiya, idan aka tsunduma zazzafan aksul cikin ruwan rafi mai sanyi, iskar da ke ciki takan tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta wannan mashaƙa ko ta bakin sil. Ruwan ya gauraya da man giya ya koma kamar madara, haƙoran ciki su ci gaba da cin juna ba tare da direba ya sani ba, sai bayan watanni ya fara jin kuka daga baya. Kamfanin Toyota ya ce wannan samfurin Hilux na iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 700, amma aksul yana ƙasa da wannan tsayi sosai.

Maganin shi ne ɗaga mashaƙar sama da tiyo. Da farko a wanke wurin a goge shi tas, don kada ƙasa ta faɗa ramin idan an buɗe. A kwance ɗan ƙarfen da sifana, a tafi da shi kasuwar kayan gyara a samo wani mai irin zarensa wanda ke da bakin soka tiyo, a naɗa masa farin tef na masu aikin famfo, a ɗaura shi ba tare da an matse fiye da kima ba. Sannan a soka tiyon da ke jure mai, mai faɗin ciki kamar milimita 6, a ɗaure bakinsa da kilif. A nan ne ake yawan yin kuskure: aksul yana sauka yana hawa, don haka dole a bar wa tiyon rara tsakaninsa da shasi, kuma hanyar gane isasshiyar rara ita ce a ɗaga motar ta shasi har tayoyin baya su yi reto, sannan a auna. Daga nan a bi da shi ta jikin shasi ana ɗaurewa da igiyar roba, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, har zuwa wuri mai tsayi a ɗakin inji ko bayan fitilar baya. A ƙarshensa a sa ƙaramar matatar mai irin ta babur, bakinta yana kallon ƙasa, don ta tare ƙura. A duba na aksul ɗin gaba da na giyabos, domin sau da yawa kamfani ya riga ya ɗaga su. Aikin duka bai wuce na hantsi ɗaya ba.

Tunda ana ƙarƙashin motar, sai a duba faifan da ke kare cikin inji. Na kamfani siriri ne, kuma akwai masu kaurin milimita 3 da aka ƙera daidai da ramukan noti na asali, waɗanda mutum biyu za su ɗaura cikin sauƙi, ɗaya yana tallafe ɗaya yana ɗaurewa. A zaɓi mai ƙofar juye baƙin mai. Bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe, a riƙa leƙa saman faifan ana cire abin da ya taru, domin busasshiyar ciyawa kusa da zazzafar salansa gobara ce, kuma ɗan ragar waya a gaban lagireto yana hana 'ya'yan ciyawa toshe shi.

Sai maganar fitar da mota idan ta kafe, wadda a nan ne ganganci ke cin rai. Ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela a baya ba a yi shi don fizga ba. Idan ya karye yakan taho da ƙarfin harsashi ya fasa gilashin motar da ke ja. Haka nan ƙananan zobban da aka ɗaure motar da su a cikin jirgin ruwa ba na ja ba ne. A sayi maƙalai na musamman da aka rubuta ƙarfinsu a jiki, a ɗaura su a ramukan shasi na asali da notocin da suka zo tare da su, a guji walda. Igiyar fizga ta kasance mai ƙarfin ninki biyu zuwa uku na nauyin motar da kayanta, wato wajen kilo 8,000 ga Hilux. Lokacin ja, a ɗora bargo ko buhu a tsakiyar igiyar don ya kashe ƙarfinta idan ta tsinke, kuma kowa ya matsa nesa, musamman yaran ƙauye da kan taru kallo. Shebur mai dogon ƙota da katako mai kauri na ɗora jak a kan yashi su ma su samu mazauni na dindindin a bayan motar, a ɗaure.

Ƙarin fitila yana da amfani ga mai tafiyar dare a daji, amma haɗa waya ba aikin murɗa bakin waya biyu a naɗe da baƙin tef ba ne. A fara da cire kan batir mai alamar ɗebewa. Lissafin wutar shi ne a raba wat da bolt: fitila mai wat 120 a kan bolt 12 tana jan amfiya 10, don haka fiyus mai lamba 15 ya dace da ita, kuma a sa shi kusa da batir, kamar taƙi ɗaya daga kansa. Wutar fitilar ta bi ta rile, wato ɗan makunni mai aiki da lantarki, shi kuma makunnin da ke cikin mota ya zama umarni kawai yake aikawa. Inda waya za ta ratsa ƙarfe, a bi da ita ta cikin robar da ke wurin, domin ƙarfe yana cinye rigar waya a gargada. Mafi sauƙi shi ne sayen haɗaɗɗiyar waya da aka yi wa samfurin motar, wanda kuma ya ga abin ya rikice masa ya kai wa rewaya mai hankali. Fitilar ta daji ce. Haska ta a idon direban da ke tahowa a kan titi zalunci ne.

Cikin mota ba ya buƙatar dogon bayani, sai abu biyu. Tabarmar roba tana sauƙaƙa wanke laka, amma ta ɓangaren direba dole ta kama maƙalanta na asali, kuma kada a ɗora ta a kan wata. A 2009 kamfanin Toyota ya yi wa motoci kusan miliyan 3.8 kiranye a Amurka saboda tabarma na iya danne totur. Rigar kujera kuma, idan kujerar tana da jakar iska a gefenta, sai an sami wadda aka ɗinka don ta tsage a wurin. Gilashi mai duhu a Najeriya yana buƙatar izinin 'yan sanda. Kariyar ɗaukar kaya ta kan rufi a bar ta ga kaya marasa nauyi kamar tanti da katifa, jarkoki kuwa su zauna ƙasa a gaban aksul na baya, domin nauyi a sama yana sa mota jirkicewa a gangare.

Akwai ayyuka biyu da ban sa su cikin na gida ba. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana rage ƙurar da ke shiga iyakilina idan ana bin bayan wata mota, amma sa shi na buƙatar huda bodi, kuma ɗan gibi a mahaɗarsa ya isa ya shigar da ruwa cikin inji. Ɗaga motar da sababbin sifirin da shokazoba ma aikin ƙwararren bakanike ne, domin matsattsen sifirin yana da haɗari, kuma ɗagawar da ta wuce milimita 50 tana wahalar da shaf ɗin gaba, sannan dole a sake saita ƙafafun motar bayan an gama.

Idan an kammala, a gwada motar a wata hanyar burji kusa da gida, inda taimako ba shi da nisa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko a sake matse notocin taya, sannan a shiga ƙarƙashi da tocila a bi notocin faifai da na maƙalan ja ɗaya bayan ɗaya, a taɓa tiyon aksul a tabbatar bai goga ko'ina ba. Ranar da aka ratsa ruwa mai zurfi kuma, a buɗe notin cika man aksul a ɗiga kaɗan a kan yatsa. Idan launinsa ya koma fari-fari, a juye shi a zuba sabo kafin tafiya ta gaba.